Doksisiklin da Ƙurajen Fuska: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Shan Sa

Saurayi ko budurwar da ƙuraje suka cika wa fuska a Attantane, ta ƙasar Mayahi a jihar Maradi, ba sa rasa masu ba su shawara. Wani zai ce a bar cin gyaɗa, wata ta ce a shafa makilin a kwana da shi, tsofaffi kuma su ce ai aure ne ke kira. Daga ƙarshe yawanci wurin mai tallar magani ake tsayawa, wanda ya jera kafso kala-kala a faranti ranar kasuwa, a Mayahi ko Kanambakashe ko Tasawa, ya ɓallo huɗu ko shida ya ce a sha, fuska za ta yi sumul. Cikin abin da ake ɓallowa sau da yawa akwai ja-da-rawayan nan da wasu ke kira tupaye, wato tetrasiklin, ko kuma ƙanensa doksisiklin. Ba duka maganar mai tallar ce ƙarya ba, domin doksisiklin yana sahun gaba cikin magungunan da likitocin fata ke rubutawa don ƙurajen fuska a ko'ina cikin duniya. Sai dai kafso shida ba sa taɓuka komai ga ƙuraje, kuma shan su ta wannan hanya yana lalata maganin da gari zai nema ido rufe ranar da cutar da ta fi ƙuraje ta shigo.

A fara da sanin ƙurjin kansa. A gindin kowane gashi na fata, har da ƙananan da ido ba ya gani a kunci da goshi, akwai wata ƴar jaka mai fitar da maiƙo don kada fata ta bushe. Idan yaro ya kai balaga, sinadaran jikinsa sukan sa jakar ta ƙara girma ta yi ta zubo maiƙo. Maiƙon ya cakuɗa da matacciyar fata, ya toshe ƙofar gashin. Idan abin ya tsaya a nan, sai a ga ɗan tsiro fari ko mai baƙin kai, babu zafi babu kumburi. Amma akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje, masana suna kiran ta Cutibacterium acnes. Tana son wurin da iska ba ta shiga, abincinta kuma maiƙo, ƙofar da ta toshe kuwa ta ba ta duka biyun. Sai ta hayayyafa, sojojin jiki su taho, wurin ya kumbura ya yi zafi ya tara mugunya. Ke nan ƙurajen fuska ba ƙazanta ce ke kawo su ba, kuma ba a ɗaukar su daga wani. Mai dirje fuska da soso sau biyar a rana ƙara wa kansa ciwo yake yi.

Wannan bayani shi ke nuna wa ya kamata ya sha doksisiklin. Mai ƴan tsiraran ƙuraje farare ko masu baƙin kai ba ya bukatar sa, maganin shafawa ya ishe shi. Ana rubuta shi ne ga wanda ƙurajensa suka yi yawa, jajaye masu zafi da mugunya, ko suka bazu zuwa ƙirji da gadon baya inda hannu ba ya kaiwa, ko suka fara barin rami da tabo. Kuma ba kowane ƙurji ba ne ƙurjin balaga. Ƙurajen zafi na bazara, da ƙyasbi, da makero, da ƙazuwa, kowanne da sanadinsa da maganinsa, doksisiklin ba ya taɓa ko ɗaya daga ciki. Shi ya sa matakin farko shi ne a kai fuskar gaban manjo, wato babban ma'aikacin jinya, a ƙaramin asibitin CSI ya duba da idonsa.

Dangin maganin nan daga turɓaya suka fito. A 1945 wani dattijon masanin tsirrai a Amurka, Benjamin Duggar, yana da shekara fiye da 70, ya gano wata ƙaramar halitta cikin ƙasar gona da aka aiko masa daga jihar Misuri, tana fitar da sinadari mai launin zinariya da ke hana bakteriya yaɗuwa. Aka sa masa suna Aureomycin, ya fito fili a 1948. Oksitetrasiklin ya biyo baya a 1950, shi ne wanda masu kiwo suka sani a yau a allurar dabbobi. Tetrasiklin ya zo a 1953, sannan kamfanin Pfizer ya fito da doksisiklin a 1967 da sunan Vibramycin. Abin da ya fifita ƙaramin a kan yayyensa shi ne hanji yana tsotse kusan dukkansa, kuma yana daɗewa a jini: sai an yi awa 16 zuwa 22 kafin rabin abin da aka sha ya fita. Don haka sau ɗaya a rana ya wadatar, alhali tsohon tetrasiklin sai an sha shi sau biyu zuwa huɗu, kuma da cikin da babu abinci.

Aikinsa a cikin jiki iri biyu ne. Kowace bakteriya tana da ƴan injina a cikinta da ake kira ribozom, su ke haɗa furotin ɗin da take gina jikinta da shi ta kuma rabu biyu. Doksisiklin yana kutsawa cikin bakteriyar ya maƙale a ƙaramin ɓangaren ribozom, daidai wurin da ake kawo kayan haɗi, sai aiki ya tsaya. Kamar a ce an kashe injin niƙa ɗaya tilo na gari ne: ba a taɓa ran kowa ba, amma tuwo ya yanke. Bakteriyar ba ta mutuwa nan take, tana dai kasa girma da hayayyafa, sojojin jiki su ƙarasa da ita. Namu ribozom ƙirarsu daban ce, shi ya sa maganin ya fi ƙarfi a kan bakteriya ya bar mu. Aiki na biyu kuwa shi ne yana kwantar da kumburi da kansa, yana rage yawan sojojin jiki da ke turuwa zuwa ƙofar gashin da ta toshe. A sha'anin ƙurajen fuska wannan aiki na biyu yana da nauyi ƙwarai. Abin da ba ya yi shi ne buɗe ƙofar da ta toshe ko rage maiƙo, kuma za mu ga abin da hakan ke jawowa.

Akwai wata ɗabi'a ta wannan dangi da duk mai sha ya kamata ya riƙe, domin daga gare ta manyan dokokin suka fito: suna kama sinadarin kalsiyam, wanda ke cikin ƙashi da haƙori da nono, su riƙe shi tamau. A 1980 masu bincike da ke duba ƙasusuwan mutanen Nubiya, a arewacin Sudan ta yau, waɗanda suka rayu tsakanin shekara ta 350 da 550 miladiyya, sun tarar da tetrasiklin a cikin ƙasusuwan. Ana ganin daga wani abin sha na hatsi da suke tsimawa suka samo shi, halittar nan ta turɓaya ta shiga ciki. Fiye da shekara 1,400 maganin yana zaune a ƙashi bai fita ba. Abin da ya yi a ƙashin ɗan Nubiya shi yake yi a haƙorin yaro mai tasowa, shi kuma yake yi cikin ƙwaryar fura.

Maganar fura ba ƙarama ba ce a wurinmu, tunda a yawancin gidajen Attantane ita ce abincin rana, wani lokaci har da na safe. Idan kafso ya haɗu da nono a ciki, kalsiyam ya kama wani kaso na maganin, su wuce tare ta hanji ba tare da sun shiga jini ba. Tsohon tetrasiklin yakan yi asarar rabinsa ko fiye ta haka. Doksisiklin asararsa ba ta kai nan ba, amma wanda zai yi wata uku yana sha bai kamata ya riƙa zubar da kaso kullum ba. A ba da tazarar awa biyu zuwa uku tsakaninsa da fura da nono, da kindirmo, da madarar gari da ake zubawa a shayi. Ƙwayar ƙarin jini ta fi nono ɓarna, domin sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana kama maganin sosai. Haka farin maganin ƙwarnafi na kwalba da na taunawa, haka farar ƙasa da wasu mata ke ci. Kanwa ma, ko a kunu ko a jiƙo, a nisanta ta da lokacin shan maganin. Tuwo da miya, shinkafa da wake, ɗanwake, duk babu laifi. Hasali ma shan sa bayan an ci abinci yana rage tashin zuciya, wanda shi ne ƙorafin da aka fi yi da shi.

Sai ruwa. Wannan ita ce dokar da aka fi karyawa, ita ce kuma ta fi saurin hukunta mai karya ta. Ana haɗiye kafso da ruwa cikin babban kofi, kusan kwatan lita, mutum yana zaune a miƙe ko yana tsaye, kuma kada ya kwanta sai bayan rabin awa aƙalla. Ba da yawu ba, ba da kurɓi ɗaya ba, ba da ɗan kofin shayin majalisa ba. Dalili shi ne kafson yana iya maƙalewa a hanyar abinci tsakanin maƙogwaro da tumbi, ya narke a nan, sinadarinsa mai tsami ya ƙona wurin ya yi gyambo. Wanda abin ya sama zai ji zafi a tsakiyar ƙirji, haɗiyar ko da ruwa ce ta zama azaba, ya yi kwanaki yana fama. Yawanci wanda ya sha a bakin shimfiɗa ya kwanta ne ke gamuwa da wannan. Kada a buɗe kafso a zazzage garin a baki ko a kunu, kada kuma a barbaɗa shi a kan ƙurji ko gyambo kamar yadda ake yi da tupaye.

Lokacin azumi sai an yi tsari. Idan da fura ake buɗa baki, a bari sai an dawo daga asham, a ci tuwo, a sha maganin da ruwa mai yawa, a ɗan zauna hira kafin a kwanta. Wanda ya fi son sahur, to sahur ɗin kada ya zama na nono, kuma kada ya koma shimfiɗa sai bayan sallar asuba. Tunda sau ɗaya ne a rana, azumi ba ya hana shan sa. Idan an manta wata rana, a sha da zarar an tuna. Idan lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda aka manta, kada a haɗa biyu.

Rana ma abin lura ce. Doksisiklin yana sa fata ta kasa jure hasken rana, ta yi ja ta yi raɗaɗi kamar an ƙona ta, musamman fuska da wuya da bayan hannu. Baƙar fata tana da kariya, abin bai cika kama ta ba, amma yana faruwa, kuma ya fi tsanani ga masu hasken fata, da zabiya, da wadda ta riga ta siranta fatarta da man bilicin. Mai noma da zai wuni yana huɗa ko noman gero ya gaya wa manjo aikinsa, ya sa malafa da riga mai dogon hannu. Idan ƙurajen ba masu barin rami ba ne, ana iya fara da maganin shafawa a jira aikin gona ya yi sauƙi.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma da ƴan mata da iyayensu nake. Mai ciki ba ta shan doksisiklin don ƙuraje. Maganin yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, danginsa kuma an san su da zama a ƙashi da haƙoran da ke haɗuwa, su bar haƙori rawaya ko ruwan toka wanda asuwaki ba ya gogewa har abada. Saboda wannan ne ma ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, sai a cutar da ke barazana ga rai kuma da hukuncin likita, mai shayarwa ma ba a ɗora ta a kansa na tsawon watanni. A Nijar kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, jihar Maradi kuma tana cikin inda abin ya fi yawa. Wato shekarun ƙuraje su ne shekarun aure da cikin fari. Amarya tana son fuskarta ta yi kyau kafin biki, ƙawa ta kawo mata kafso, ta ci gaba da sha a ɗakin miji, ciki ya shiga ba ta sani ba sai bayan wata biyu. Duk matar aure da za a rubuta wa maganin nan ta faɗi gaskiyar ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, kunya ba ta da wuri a nan. Idan al'ada ta yi jinkiri ana cikin sha, a dakata a je wurin ungozomar asibiti. Wadda ta sha kafin ta san tana da ciki kada hankalinta ya tashi, ta daina kawai ta faɗa a wurin awo. Akwai abin da ake ba mai ciki, kamar maganin shafawa na benzoyil feroksid, ko eritromisin idan likita ya ga dacewar haka. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuwa ta sani doksisiklin ba ya rage mata ƙarfi, sai dai idan amai ko zawo mai tsanani ya fitar da ƙwayar.

Awon da aka saba rubutawa don ƙuraje shi ne miligiram 100 sau ɗaya a rana, wani lokaci 50. Ƙara yawa ba ya ƙara sauri, ciwon ciki kawai yake ƙarawa. Sai an yi mako shida zuwa takwas kafin a ga sauyi na gaske, a mako na 12 kuma a koma a duba. Ɗaya a rana na mako 12 kafso 84 ke nan. Mutum ya yi wannan lissafi tun kafin ya fara, ya tambayi kuɗinsu a farmasi, ya tabbatar zai iya, domin sayen na kwana biyar a tsaya sai kasuwa ta zagayo asarar kuɗi ce. Idan fuska ta lafa a wata uku, ana tsayar da kafso. Ƙa'idojin likitocin fata sun tsaya a kan wata uku zuwa huɗu, ba a wuce haka sai da dalili mai ƙarfi. Ba maganin da ake zama a kai shekara da shekaru ba ne.

To me zai riƙe fuskar idan an daina? Maganin shafawa, kuma shi ya sa ba a shan doksisiklin shi kaɗai tun ranar farko. Abokin tafiyarsa shi ne benzoyil feroksid mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari. Shi yana kashe bakteriyar fata kai tsaye da iskar oksijin da yake saki, kuma bakteriya ba ta koyon jure masa, don haka yana kare kafson daga lalacewa. A wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, a bari ta bushe, a lakato kamar girman ƙwayar wake a shafe duk wurin da ƙuraje ke fitowa, ba kan ƙurji ɗaya ɗaya ba, a kauce wa ido da leɓe. A makon farko da na biyu a yi dare ɗaya a tsallake ɗaya, domin yana busar da fata ya sa ta saɓa, balle da hunturu. Yana cin launin tufafi: kallabi, hijabi, rigar matashin kai, duk zai bar musu fari-fari, sai a ware tsofaffi. Akwai kuma adafalen, wanda shi ne ke buɗe ƙofar gashi ya hana ta sake toshewa, amma mai ciki ba ta shafa shi. Idan an tsayar da kafso, ana ci gaba da shafawa watanni, har shekarun ƙurajen su wuce.

A baƙar fata, sau da yawa tabon ya fi ƙurjin damun mutum. Kowane ƙurji mai kumburi yakan bar baƙin ɗigo, wanda aka matse kuwa ɗigonsa ya fi baƙi ya fi daɗewa. Doksisiklin ba ya goge tabo, yana dai hana sababbi. Tsofaffin suna dusashewa da kansu cikin watanni idan an ƙyale su. A nan ne ƴan mata da yawa ke faɗawa tarkon man bilicin da ƴan tub ɗin nan masu klobetazol ko betametazon. Makon farko fuska ta yi haske ta yi laushi, daga baya fata ta sirance, nankarwa ta fito, wasu sababbin ƙuraje ƙanana masu kama ɗaya su fetso a fuska da ƙirji. Haka ƙwayar deksa da ake sha don ƙiba take yi. Wadda ke amfani da waɗannan ta faɗa wa manjo, domin muddin ba a bar su ba kafso 84 ba za su yi aiki ba, kuma wadda ta daɗe tana shan deksa ba ta yanke shi dare ɗaya, sai an rage mata a hankali. Man gashi mai kauri da basilin da ke gangarowa goshi su ma suna toshe ƙofofin gashi. Gyaɗa kuwa, bincike bai kama ta da laifi ba. Abin da aka fi dangantawa da ƙaruwar ƙuraje shi ne yawan sukari da lemon kwalba.

Ƙananan illoli kamar tashin zuciya da sakin ciki sukan wuce. Mace tana iya samun ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, domin maganin yana rage bakteriyar kirki da ke tsare wurin, kuma wannan yana da magani mai sauƙi. Amma akwai alamun da idan an gan su a daina sha a nufi asibiti ranar: ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka tare da dishi-dishin gani ko ganin abu biyu-biyu, kumburin fuska ko leɓe da sarƙewar numfashi, borin jini ko saɓar fata da gyambon baki, zawo mai yawa ko mai jini, ido ya yi rawaya, zafin ƙirji wajen haɗiya. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ya faɗa tun farko, domin rifamfisin da fenobarbital da karbamazefin suna sa hanta ta fitar da doksisiklin da wuri. Ba a kuma haɗa shi da izotretinoyin, babban maganin ƙuraje da likitan fata kaɗai ke bayarwa.

Ƙuraje ƙaramin aiki ne cikin ayyukan maganin nan. Ana ba da shi a wani nau'in ciwon sanyi da ake kira klamidiya, miligiram 100 safe da yamma na kwana 7, mata da miji tare, kuma yawanci da allurar wani magani don ɗayan nau'in mai fitar da mugunya. Ana ba da shi mako shida, haɗe da wani magani, ga zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyen nono da mahaifar dabbar da ta yi ɓari. Ɗan'uwansa tetrasiklin shi ne man idon nan da aka daɗe ana sa wa masu amodari. A irin waɗannan cututtuka ana cika kwanakin da aka rubuta ko da an ji sauƙi. Ba ya maganin mura, domin ba bakteriya ke kawo ta ba. Ba kuma shi ne maganin masassarar cizon sauro ba. Turawan da ke zuwa ƙasashenmu suna shan sa don kariya, amma wanda zazzaɓi ya riga ya kama gwajin jini yake bukata da maganin da aka tanada.

Sai kwalara, zawo da amai. Waɗanda suka ga annobar da ta ɓarke a gundumar Madarumfa a damanar 2018, ta kama dubban mutane a jihar Maradi, sun san yadda take zuƙe babban mutum cikin yini ɗaya. Ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa su ke ceton rai, amma ga wanda abin ya tsananta ana ƙara masa doksisiklin miligiram 300 sau ɗaya tak, ya taƙaita zawon ya rage yaɗuwar cutar. Wannan kafso dai, na saurayi mai ƙuraje. Kuma yana iya daina aiki. A Tanzaniya, lokacin annobar da ta fara a 1977, an yi ta raba tetrasiklin ga jama'a don kariya, cikin ƴan watanni mafi yawan ƙwayoyin kwalarar da aka gwada sun daina jin sa. Yadda abin yake shi ne, duk lokacin da magani ya shiga jiki, ba bakteriyar fuska kaɗai yake tararwa ba, har da biliyoyin da ke hanji. Masu rauni su kau, masu dabarar tofar da maganin su rage su hayayyafa, kuma bakteriya suna miƙa wa juna wannan dabara ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Kafso biyu yau, uku wani mako, ga oksitetrasiklin da ake zuba wa kaji a ruwa ana yi wa awaki allura a sha nononsu washegari, duk horo ne muke ba bakteriya. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma.

Wurin saye ma yana cikin magani. Doksisiklin yana son sanyi da inuwa da bushewa, a takardarsa an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30. Zafin Afrilu da Mayu a ƙasar Mayahi yana haura 40, kafson da ke faranti kuwa ya sha rana a kasuwanni da bayan babur, babu kwali babu kwanan wata, wani ma jabu ne. Tsohon tetrasiklin da ya lalace an san shi da taɓa ƙoda. A saya a farmasin asibiti ko farmasi mai izini a Mayahi ko Tasawa, a duba ranar ƙarewar aiki a jikin takardar, a ajiye a ɗakin ƙasa nesa da rufin kwano da hannun yara. Kada a ba ƙawa ko ƙane ragowar, domin ba ka san abin da ke cikinta ba, ba ka kuma san irin ƙurjinsa ba.

Idan mako 12 ya cika, an sha yadda ya kamata, an shafa, fuska ba ta sauya ba, ko kuma ƙurajen manya ne masu zurfi da ke haɗewa su bar rami, kada a ƙara wata uku da ka, kada a koma wani kafso. A nemi takardar turawa daga CSI zuwa asibitin gunduma a Mayahi ko Tasawa, daga can zuwa likitan fata a Maradi. Macen da ƙurajenta suka zo tare da rikicewar al'ada da tsirowar gashi a haɓa ta faɗi hakan, domin matsalarta ta sinadaran jiki ce, maganinta daban. Iyaye kuma, idan yaro ya fara rufe fuska yana gudun taro saboda ƙuraje, kada a ce masa zai wuce a yi shiru. Ramin da ƙurji ya bari ba ya cikewa, ku kai shi asibiti tun fatar tana da sauran gyara.